Gwajin naman da aka cire wa yayata: sharhi kan aikin wani ɗakin bincike

Da aka yi wa yayata aiki a nan Damagaram aka cire mata ƙari a ma'ajiyar ƙwai, mun ɗauka wahala ta ƙare ke nan, har wasu daga dangi suka ce a binne abin da aka cire. Likitan ya hana, ya sa naman a kwalba da ruwan formol mai hana shi ruɓewa, ya ce a kai shi Yamai a yi masa gwajin da suke kira anapat, wato binciken naman a ɗakin bincike don a gano cutar da ke cikinsa. Ina ganin duk iyalin da ya shiga irin halinmu ya kamata ya san amfanin wannan aiki.

Kafin aikin an yi mata eko, wato hoton cikin ciki, an kuma auna CA-125, wani sinadari da kan hau idan akwai wannan sankara, a jininta an same shi ya hau, amma duka biyun ba su iya tabbatar da cewa sankara ce, balle su faɗi irinta. Sai an yanka naman siriri, an rina shi, an duba shi da madubin likita. Sankarar ma'ajiyar ƙwai ba iri ɗaya ba ce. Kusan kashi 90 cikin 100 daga fatar da ke lulluɓe da gaɓar take tasowa, kuma a cikinsu wadda ta fi yawa ita ce serus mai saurin yaɗuwa, wadda sau da yawa daga bakin bututun ƙwai take farawa. Tana jin maganin shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da farko, sai dai tana yawan dawowa. Wasu iri biyu, mai majina da mai ƙwayoyi garai-garai, ba su cika jin maganin ba, don haka a kansu an fi dogara da aikin tiyata. Wadda ke tasowa daga ƙwayoyin haihuwa kuwa 'yan mata ta fi kamawa, kuma yawancinsu suna warkewa.

Takardar da ta dawo ta gamsar da ni, domin ba a tsaya ga cewa "sankara ce" ba. An rubuta irinta, an rubuta cewa ta taɓa tantanin kitsen da ke rufe hanji, abin da ya sa ta a mataki na 3 cikin matakai 4 na FIGO, tsarin da likitoci ke auna nisan yaɗuwar cutar da shi. Da wannan likita ya tsara mata magungunan shimiyo biyu, karboplatin da paklitaksel, duk bayan mako 3, har sau 6. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce da ni: "Hajiya, wadda aka gano a mataki na 1, kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara 5, amma a wannan mataki ba su kai rabi ba." Maganar ta yi mini nauyi ƙwarai, amma na fi son ta da a bar mu cikin duhu.

Inda aikin ya gaza shi ne jinkiri. Sama da wata guda muka yi muna jira, muna bugun waya ba mai ba mu rana, alhali cutar ba ta jiran kowa, ga tazarar kusan kilomita 900 tsakaninmu da Yamai. Sakamakon kuma da Faransanci na likitoci aka rubuta shi, ko ni da na yi lakwal sai da aka yi mini bayani layi bayan layi.

Duk da haka, da za a sake, zan sake biya. Yayata ta karɓi zagaye na huɗu makon jiya, kumburin cikin ya sauka, ta fara cin tuwo.