Kebul, Matashin Kunne ko Ƙoƙon Katako: Wanne Za Ka Fara Kashe wa Kuɗi?

Wanda ya mallaki hedifon na kirki, ya kuma fara jin cewa da sauran daɗin da bai fito ba, hanya uku ake nuna masa: ya canza kebul, ya canza matashin da ke zama a kunne, ko ya cire ƙoƙon roba ya sa na katako. Masu talla sun fi yayata kebul da katako, don su ne masu tsada da kyan hoto. Amma in sauti kake nema, matashi ne a gaba, ƙoƙo na biye, kebul yana can baya. Ga mu mazauna Zariya kuma akwai ƙarin lissafi da mai sayarwa a Amurka ko Sin ba zai yi maka ba, wato abin da hunturu ke yi wa katako.

Da farko duba irin hedifon da ke hannunka, domin ba kowanne ne yake karɓar gyara ba. Sennheiser HD600 da HD650 bayansu raga ce buɗaɗɗiya, da haka aka tsara sautinsu. Wanda ya toshe su da katako ya ɓata su. Kebul ɗinsu dai zare shi ake yi da hannu, canji ba wuya. Beyerdynamic DT770 kebul ɗinsa a dashe yake ta gefe guda, sai an buɗe an sa dalma. Waɗanda aka fi yi wa ƙoƙon katako su ne Grado na jerin SR, da Fostex T50RP, da tsohon Denon D2000. T50RP ɗin nan a kansa kamfanoni irin su ZMF da MrSpeakers suka fara sana'a, suna sayen sa suna sake masa ciki.

Maganar matashi ba ta da tsawo. Shi ke ƙayyade tazara tsakanin kunne da lasifikar ciki, shi ke hana iska tsira. Matashin da ya kwanta ko ya tsage yana zubar da bes (sautin ƙasa irin rugugin ganga), mai kauri sosai kuma yana tura muryar mawaƙi baya. Ledar da ake yi wa kamannin fata tana saɓulewa da wuri a zafin Maris da Afrilu, na karan-miski ya fi sanyi amma yana rage bes a rufaffen hedifon, na fatar tunkiya ya fi daɗewa. In matashinka ya shekara biyu yana shan gumi, canza shi da na asali, ka saurara mako guda kafin ka sayi wani abu. Sau da yawa a nan buƙatar take ƙarewa.

Kebul: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Mu yi lissafin a fili. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 26 AWG (ma'aunin kaurin waya) tana da turjiyar lantarki ta kusan om 0.13 a kowace mita. Kebul mai mita ɗaya da rabi, zuwa da dawowa mita uku ke nan, kusan om 0.4. Ka ɗora wannan a kan hedifon mai turjiyar om 32, asarar ƙarfin sauti kusan desibel 0.1 ce kacal, a kan HD650 mai om 300 kuwa ba a ma maganarta. Azurfa ta fi jan ƙarfe sauƙin wucewar lantarki da kusan kashi 6 cikin 100 kacal. Don haka duk wanda ya ce maka kebul ɗin azurfa zai mayar da hedifonka wani sabon abu, riƙe kuɗinka. In HD650 yana yi maka sanyi-sanyi a wayar salula, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) yake nema, ba kebul ba.

Wannan bai sa canjin kebul ya zama banza ba. Akwai dalilai na gaskiya: na asali ya karye a wuyan fulogi, ko ya yi tsawo da nauyi, ko yana kai maka ƙarar gogar riga cikin kunne, ko kana da na'ura mai mafita (ramin cusa fulogi) ta 4.4mm ko XLR mai fil huɗu wadda take ba da ƙarfi fiye da ta 3.5mm. Akwai kuma amfani kaɗan a kebul mai jijiya huɗu, inda kowane kunne yake da wayar dawowarsa, maimakon jijiya uku da hagu da dama ke tarayya a guda. Sautin wani gefe ba ya ɗiga cikin ɗayan sosai.

Wurin saye, ka nemi jan ƙarfe zalla mai silili da yawa, 24 zuwa 26 AWG. A kasuwa akwai wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare sili ɗaya da reza: in fari ya bayyana a ciki, ajiye ta, tana saurin karyewa kuma dalma ba ta kama ta da kyau. Rigar roba mai sheƙi da ake ganin ciki tana taurara da gumi, wayar ta koma kore. Saƙar zare mai kauri daga inda kebul ya rabu biyu zuwa kunne ita ce mai kawo ƙarar goga, gara wannan ɓangaren ya zama mai laushi. Kuma kan kebul ya dace da naka daidai: fil biyu na Sennheiser daban, 2.5mm mai murɗawa na Audio-Technica M50x daban, ƙaramin XLR daban.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada ka sa adafta don cusa hedifon mai jijiya uku a mafitar 4.4mm ko XLR. Yin haka haɗa wayoyi biyu ne da bai kamata su taɓa juna ba, yana iya ƙona amfilifaya.

In na dashe ne za a canza, masu gyaran waya na unguwar PZ a nan Zariya suna da hannun aikin, sai dai ka tsaya a kai ka yi bayani. Zafin ƙarfen dalma ya tsaya wajen digiri 320 zuwa 350, kada ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a kan mahaɗar lasifika, domin a nan siririyar wayar nan da ta fi gashi laushi take maƙale. In ta saki, lasifikar ta mutu. A fara shafa wa bakin sabuwar wayar dalma a gefe. A fulogin 3.5mm, tsini hagu ne, zobe dama, gindi na dawowa. In an juya wayoyin kunne guda, komai zai yi ƙara amma murya za ta rasa tsakiya. A kuma ƙulla kebul ɗin daga ciki ko a ɗaure shi, don in an fizga kada nauyin ya faɗa kan dalma.

Katako, inda aikin yake

Ƙoƙo yana canza sauti da gaske, amma ba don sunan icen ba. Girman ramin da ke bayan lasifika, da yadda ya rufe, da ƙananan hudojin iska, da audugar da aka shimfiɗa ciki, su ne masu aikin. Ƙoƙo biyu na ice daban masu rami iri ɗaya sun fi kusa da juna a sauti fiye da biyu na ice ɗaya masu zurfi daban. Rami mai zurfi yakan sauke bes ƙasa, in ba a sa abin tsotse amo ba kuma ya kawo gunji a tsakiya. A Grado, da yake bayansa a buɗe yake, canjin bai kai haka ba. Kyau da nauyi ne kaso mafi yawa.

Zaɓin farko shi ne ka sayi wanda kamfani ya yi da katako tun asali, irin Grado RS1, ko Denon D5000 da D7000, ko Fostex TH-X00. An auna lasifikar da ƙoƙon tare, babu caca. In kuɗin gyaran da kake shiryawa ya kusa kuɗin ɗayansu na hannu, wannan muke ba da shawara. Na biyu, odar ƙoƙon da aka riga aka sassaƙa daga waje: ramukan sukuru sun dace, amma an busar da icen ne don iskar can. Na uku, ka ba mai injin juya katako a nan gida. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, shi ne kuma mafi buƙatar ido.

Matsalar duka ukun ɗaya ce. A Janairu damshin iskar Zariya yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta ya haura 70. Katako yana shan wannan damshi yana fitarwa, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe, shi ya sa zagayayyen baki yake komawa kamar ƙwai. Ƙoƙon da aka matse wa lasifika a damina, in hunturu ya shigo zai tsuke, ya tsage daga ramin sukuru. Wanda aka matse a hunturu zai saki a damina, lasifikar ta riƙa kaɗawa. Maganin shi ne a bar 'yar tazara ta kusan rabin milimita, a cike ta da siririn soso ko tef mai laushi, ba gam mai tauri ba.

A wurin 'yan katako na Sabon Gari, maɗaci ne muka fi so: ɗan'uwan mahoganin da kamfanoni ke amfani da shi ne, yana juyuwa lafiya, nauyinsa madaidaici. Kawo ba ya yawan motsi da yanayi amma ya fi nauyi. Kanya da ƙirya suna da tauri da kyau, sai dai wuyanka zai gaya maka bayan awa guda. Maɗobiya a bar ta. Saran da aka yi mata ya sa ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido tun 2017. Ka guji guntun da ya ƙunshi tsakiyar gungume, daga nan tsagewa ke farawa. Kada kuma ka tsaya ga "ai busasshe ne, yallaɓai". Ɗora shi a ƙaramin sikeli duk mako, sai nauyinsa ya daina sauka.

A sassaƙa shi sau biyu: da farko a bar shi da kauri, ya kwana makonni uku zuwa huɗu a ɗakin da za a yi amfani da shi, sannan a gama. Bangon ya tsaya milimita 4 zuwa 6. Zurfin biyun kada ya bambanta da fiye da rabin milimita, in ba haka ba murya za ta karkata gefe. A huda ramin sukuru da siririn bakin injin huji kafin a ɗaura. A shafa mai ko banish ciki da waje. Wanda ya shafa waje kawai ya bar ƙofa ɗaya ga damshi, ƙoƙon zai lanƙwashe. In T50RP ne, hudojin iskar da ke jikin tsohon ƙoƙon a kwafe su yadda suke, sannan a riƙa ƙara auduga kaɗan-kaɗan.

Buɗe Grado da na'urar busar da gashi ake yi: a ɗumama mahaɗar minti ɗaya zuwa biyu har gam ya yi laushi, a murɗa a hankali. Mai farawa ya tsaya ga ƙoƙon da ke hawa kan robar ciki. Ciro lasifikar gaba ɗaya shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kada a yi aikin kusa da inda ake goga ƙarfe, maganaɗisun zai jawo garin ƙarfen, kuma gashi ɗaya ko ƙurar hunturu a kan fatar lasifika ya isa ya sa ta kakkaɓi.

Gama kunne guda ka kwatanta da wanda ba a taɓa ba. Sa karatu ko jawabi na murya ɗaya ka ji ko ta zauna a tsakiyar kai, sa kiɗan kalangu ko ganga ka ji ko bugun yana tsayawa ko yana jan gunji, sannan ka bi sautin gwaji daga haz 20 zuwa 200, wato sautukan ƙasa, don kama kaɗawa. Tsohon ƙoƙon da sukurorinsa a adana su a leda, domin in sabon bai yi maka ba a mayar da su cikin rabin awa.