Ƙarar tak-tak a inji: yadda na kwashe da garejin Ingila

Yaya, barka da war haka, da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya. Na saurari sautin motarka da ka turo ta WhatsApp har sau uku, sai na yi dariya, don ni ma a hunturun da ya wuce irin wannan tak-tak ɗin ce ta hana ni sukuni.

Tawa da safe take yi. In na tayar da mota cikin sanyi sai ta fara, in na taka totur ta ƙara sauri, bayan 'yan mintuna kuma ta yi shiru kamar ba ita ba. Na zaro gejin baƙin mai, mai yana nan daidai. Da a gida ne, da tuni na tsaya wajen bakanikenmu ya buɗe bonet ina tsaye a kansa. A nan ba a faɗa wa gareji haka kawai. Sai ka buga waya an ba ka rana, ka ajiye makulli ka tafi, kuma ba a bari ka shiga inda ake aiki. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, dubawa kaɗai ma da nata kuɗin, ko an gano matsalar ko ba a gano ba.

Wani saurayi ne ya fara karɓar motar. Ya jona kwamfuta a soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta sa a kan motocin fetur na Turai tun 2001. Kwamfuta ta ce lafiya lau. To dama ina za ta ji? Abin da na'urorin cikin mota suka auna kawai take karantawa, ba ta da kunne. Sai da na bar motar ta kwana, washegari wani dattijo a cikinsu ya tayar da ita da sanyinta, ya ɗauko abin sauraro irin na likita yana ɗora shi nan da can a jikin inji. Wallahi Yaya sai na tuna yadda bakanikenmu ke kafa dogon sukundireba ya kara kunne a ƙotarsa. Aikin ɗaya ne, kayan ne suka bambanta.

Dattijon ya nuna mini baƙin toka a gefen inji, inda bakin salansa ke haɗuwa da shi. Noti ɗaya ya karye, gasket ɗin da ke toshe mahaɗar ya ci, hayaƙi na tsartuwa ta wurin. In ƙarfe ya yi zafi sai ya buɗa ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar ke ɓacewa. Kafin su taɓa komai sai da suka rubuto mini abin da aikin zai ci na amince. Da aka gama aka ba ni takarda mai sunan kowane kaya da garanti. Nan kam sun fi mu, ba musu. Da na ƙyale ma, akwai binciken MOT da ake yi wa duk motar da ta kai shekara 3 sau ɗaya a shekara, kuma salansa mai yoyo sosai tana iya kayar da mota.

Yanzu ga taka. Fara da mai, a fili mai lebur, inji a kashe. In ya yi ƙasa, tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke danna bawul, su ne ke fara kuka, don su ke can sama inda mai ke isa a ƙarshe. Ƙararsu siririya ce daga saman inji, kuma saurinta rabin juyin inji ne. Nozul ɗin fetur ma na yin tak-tak a hankali, wannan aikinsa ne, kada a ci kuɗinka a kai. A duba filogi ko ɗaya ya kwance. Amma in ka ji ƙarar ta koma mai nauyi daga ƙasa, ƙwam-ƙwam, ko fitilar mai ta kama, kashe motar nan take, inji ne ke shirin bugawa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka yarda a zuba maka mai mai kauri irin 20W-50 don ƙara ta yi shiru alhali littafin motar ya ce 5W-30. Mai kauri yana rufe bakin ƙarar, amma da safe yana jinkirin hawa sama. A nan lambar mota kawai za ka ba mai shago, kwamfuta ta fito da man da ya dace da filtarsa, ba a tambayar ra'ayin kowa. Mu kuwa jabun mai ya isa ya jawo tak-tak ɗin shi kaɗai, don haka ka tuna inda aka yi maka juye na ƙarshe.

Gobe da asuba, kafin inji ya ɗumama, ka ɗaukar mini sautin da bonet a buɗe, sannan ka sake ɗauka bayan ka yi tafiyar minti 15. Ka gaida mini Hajiya.