Na biya an ba ni shawara kan gini ko jami'a, ga yadda na ga aikin

Wata uku kenan da na je wajen wata mai ba da shawara kan harkar kuɗi, bari in faɗi abin da na gani don masu irin matsalata. Shekarata 23, na ɗan tara abin da na tara, ga fili da mahaifina ya bar min, amma kuɗin ba za su ɗauki gini da karatu a lokaci ɗaya ba, kuma kowa a gida da nasa ra'ayin har na daina barci sosai.

Zama biyu muka yi, kowanne awa ɗaya. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta zaɓar min ba, farar takarda ta ɗauko ta ja layi a tsakiya ta ce, to ƙanena in ka gama ginin wa zai shiga? Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Ta nuna min in ni zan zauna to kuɗin haya kawai na huta da shi, gidan ba zai kawo min komai a wata ba sai in na sa ɗan haya, shi ma akwai gyara da watannin da zai zauna ba kowa. A ɓangaren jami'a kuma ta ce kar in lissafa kuɗin makaranta kaɗai, in haɗa da abin da zan samu a shekara 4 da ina aiki, sannan ta matsa min sai na faɗi kwas ɗin da zan karanta don ba kowane digiri ne ke biyan kansa ba. Da na ce ai darajar gida ba ta faɗuwa sai ta kawo min Amurka a 2008, lokacin da farashin gidaje ya karye mutane da yawa suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan, ta kuma ce a can ɗin dai bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.5, wato kowane ɓangare yana iya cin mutum.

Inda ta gaza kuma ya dame ni gaskiya, ba ta san gini ba. Lamba ɗaya ta rubuta wai kuɗin gini, da na kai wa wani birkila ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce ina rufi, ina wayarin, ina famfo da filasta da ƙofofi? Ya ce kai bulo har linta ba shi ne rabin aiki ba, daga nan kuɗi ke fara tafiya, kuma siminti ba a jibge shi a jira don in ya sha danshi daskarewa yake a buhu. Da na bi lissafinta da yanzu kango gare ni, ba haya ba digiri, kuma wannan haɗarin ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Rahoton da ta yi alkawari ma sai da ya makara kwana 10 ina ta kira.

Duk da haka zan ba ta 4 cikin 5. In za ka je, fara karɓo cikakken kiyasi daga mai gini ka tafi da shi a hannu. Ni dai na zagaye filin da katanga, na cike fom ɗin jami'a, wata mai zuwa zan fara rajista.