Kayan da na ƙara wa mashin ɗina da ɗan kuɗi: wanne ya biya, wanne za a iya haƙura da shi

Duk wanda ya sayi mashin irin na tseren nan masu kwantaccen kai, tambayar farko da mutane zasu fara yi masa ita ce yaushe zaka canza salansa. Ni kuma bayan na daɗe ina hawa nawa zuwa wajen aiki kullum, in an samu hutu kuma in ɗaure jaka in kama doguwar hanya da shi, ra'ayina shi ne salansa ce ta ƙarshe a layi in dai kuɗinka a ƙirge suke. Nawa mai silinda biyu ne, cc 650, na hannu na saye shi, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan abu ne da na ɗaura na hau na ji a jikina.

Taya ce farko, kuma gaskiya ko ita kaɗai ka iya saya to ka tsaya a nan, ka yi rabin aikin. Wadda na samu a jikin mashin ɗin in ka kalle ta zaka ce ai da saura, zanenta bai shafe ba, amma tsakiyar ta baya ta cinye ta zama shafal saboda tafiya a miƙe, shi yasa in na zo kwana sai in ji mashin ɗin yana ƙin kwanciya, ina matsa masa kuma sai ya faɗa lokaci ɗaya, abin ba daɗi ko kaɗan. Sannan akwai lambobi guda huɗu a gefen kowace taya bayan rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019 aka yi ta. Da na duba tawa sai na ga ta tsufa sosai, robar ta bushe ta yi tauri, in ka danna farce a kai ko alama ba ya bari. Mutane da yawa zane kawai suke kallo alhali tsohuwar roba ko da zanenta ba ta kama kwalta, musamman da sanyin safiya ko in an yi yayyafi.

Na sa Michelin Road 5, wadda ta fito a 2018, gaba 120/70 baya 160/60 duk rim 17. Yanzu akwai Road 6 da ta biyo bayanta, kuma akwai irinsu a wasu kamfanonin kamar Pirelli Angel GT da Bridgestone T32 da Metzeler Roadtec, duk ajinsu ɗaya, wato an yi su ne don mai son kwana amma kuma yana cin hanya da yawa. Ta baya robarta iri biyu ce, tsakiya mai ɗan tauri don kar ta yi saurin cinyewa, gefe kuma mai laushi don ta kama in ka kwanta. Wallahi ranar farko da ruwa ya kama ni a kanta na san kuɗina bai tafi a banza ba, na taka farin fentin nan na tsallaka titi a jiƙe ina kan birki, wurin da tsohuwar ta saba yi min wani zillo da ke sa gabana faɗuwa, wannan ko gezau. Kar ka bari wani ya ruɗe ka da tayar filin tsere wai ta fi kamawa, ita sai ta ɗau zafi sosai take aiki, kuma a tafiyar zuwa ofis ba zata taɓa kai wannan zafin ba, ga saurin ƙarewa. In ka sa sabuwa ka bi ta a hankali kamar kilomita 150 na farko. Ka kuma sayi ɗan gejin iska naka na kanka, ka riƙa aunawa tun tayar na da sanyi kafin ka fita, ka bi adadin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin mashin ɗin ko cikin littafinsa, ba wanda ke gefen taya ba, shi wancan iyakar abin da zata iya ɗauka ne.

Sai birki. A nan abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya fi arha shi ya fi kawo canji, wato man birki. Man birki irin wanda ake kira DOT 4 yana shan danshin iska a hankali, sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155, kuma in ya tafasa a doguwar gangara ka ja liba ka ji ta tafi har jikin hannu ba komai. Shi yasa ake cewa a canza duk shekara biyu. Nawa da aka zuƙe shi baƙi-ƙirin ya fito, aka zuba sabo aka fitar da iska, nan take libar ta yi tauri. A kula kar a haɗa shi da DOT 5 don shi na silikon ne basa gauraya, kuma in ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take don yana cinye shi. Na kuma canza fad na gaba, wato takalmin birki, zuwa masu garin ƙarfen nan da ake rubuta HH a jikinsu, suna cizo tun farkon ja kuma ruwa bai cika damunsu ba, yatsa biyu sun ishe ni tsayawa yanzu. Tiyon birki mai saƙar ƙarfe shi ma na sa daga baya, amma in faɗa maka gaskiya bambancin ɗan kaɗan na ji, sai dai in tiyon robar naka ya tsufa yana kumbura, kuma in mashin ɗinka mai ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an ja birki, tiyoyin sun fi yawa aikin ya fi tsada, ana iya jinkirta shi.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya guje masa: libobin birkin nan masu kala-kala marasa suna da ake sayarwa a intanet da arha. In ɗan hancin da ke tura fistin ya fi na asali tsawo ko da kaɗan ne, yana toshe ƙaramar hudar da mai ke komawa ta ciki, birkin ya riƙa ɗan kamawa kana tafiya, ya yi zafi, man ya kumbura, kawai ka ji tayar gaba ta kulle. Wannan ba wajen neman arha ba ne.

Shokazoba kuma akwai gyaran da ko sisi ba zaka kashe ba sai tef ɗin awo da aboki ɗaya da zai riƙe maka. A auna tsawon baya tayar na sama ba nauyi, sannan ka hau da hular kwanonka da duk kayan da ka saba sawa a sake aunawa, bambancin ya kamata ya tsaya wajen milimita 30 zuwa 35 don hawan titi. Nawa ya wuce haka nesa, baya ya zauna gaba ya yi sakayau, shi yasa yake buɗewa a kwana. Na ƙara matse sifirin ɗin shokazoban baya da sifanar da ke cikin kayan aikinsa, sai ga shi kamar an canza mashin. In zan ɗauki kaya ko goyo sai in ƙara, in na dawo in mayar. Man shokazoban gaba shi ma na sa aka canza, galibi ba mai tunawa da shi har ya zama ruwa-ruwa yana wari, bayan nan nutsewar da gaban ke yi in na ja birki ta ragu sosai.

Yanzu ga ɓangaren jiki, wanda ni a wajena shi ne yake raba mashin ɗin da zaka wuni a kai da wanda bayan awa ɗaya kana neman inda zaka faka. Irin wannan mashin yana kifa ka gaba ne nauyinka ya sauka a wuyan hannu, a cunkoso abin ya fi muni don kullum kana birki kana zamewa kan tanki. Robar nan mai ƙurji-ƙurji da ake mannawa a gefen tanki ita ta raba ni da wannan, ka matse da gwiwa, cinya da ƙugu su ɗauki nauyin, hannu ya saki ya zama na tuƙi kawai. Arha ce sosai amma in aka ce in cire komai in bar abu uku to tana ciki. Ka goge tankin tas ka ɗan ɗumama shi kafin ka manna, in ba haka ba gefe-gefen zai riƙa ɗagowa. Sirdi kuma ban sayi sabo ba, na kai wa masu ɗinkin kujera suka cire soson suka sa mai ɗan tauri suka faɗaɗa wajen zama, don mai laushi sosai daɗinsa na minti ashirin ne daga nan ka lotsa ka zauna kan robar ƙasa.

Gilashin gaba mai tudun nan na sa shi, kuma ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Ya ɗauke min iska daga ƙirji, kafaɗa ta huta a babbar hanya, amma ya maida iskar daidai ƙasan hular kwano, ƙara ta ƙaru. Wannan ya danganta da tsayinka, abin da ya yi wa wani daidai kai zai iya jijjiga maka kai, in da hali ka ari na wani ka gwada kafin ka saya. Abin da ya warware min shi ne ɗan soson toshe kunne. Masana lafiyar kunne sun sa iyakar ƙarfin ƙara a desibel 85 na awa 8, ƙarar iska cikin hula kuwa a gudun kilomita 100 tana wuce 90, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Da su a kunne kana jin hon kana jin injinka, shuuu ɗin nan ne kawai yake raguwa, in ka sauka da yamma kanka ba ya nauyi. Ban san wani abu mai arharsa da ke rage gajiya kamarsa ba.

Da sarka ta ƙare na canza ta tare da farantan haƙoranta biyu, haka ake yi, sabuwar sarka a tsohon haƙori ɓarnar kuɗi ce. A nan na gwada ƙara haƙori ɗaya a na gaba, daga 15 zuwa 16, wanda ke sauke juyin inji da kusan kashi 6 cikin 100. A hanya ya yi daɗi, kaɗawar da ke sa yatsu bacci ta ragu, amma a cunkoso giya ɗaya ta yi tsawo sai ka yi ta wasa da kuloci, kuma a wasu mashinan agogon gudu yana karantawa ne daga giya don haka zai fara nuna ba daidai ba. In tafiyar gari ta fi yawa a hawanka ka bar shi yadda kamfani ya yi.

Kaya: jakar da ake ɗaurewa a sirdin baya da ƙaramar ta kan tanki sun ishe ni tafiyar kwanaki, jakar goyo kuwa tana kashe kafaɗa kuma in aka faɗi abin da ke ciki yana iya ji wa baya ciwo. In zaka sa masu ratayawa gefe biyu ka duba tazararsu da salansa don zafi na narka su. Mariƙin waya ka nemi mai robar shanye kaɗawa, kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a 2021 cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone. Cajar waya kuma a ja ta da fiyus daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli, in aka haɗa kai tsaye da batir wata safiya zaka tashi mashin ya ƙi tashi. Ƙarƙashin sirdi kullum akwai kayan facin tubles da ɗan famfo. Robobin kare jikin mashin in ya faɗi su ma suna da amfani, a faɗuwar tsaye ko ta jan ƙafa suna ceton fenti da murfin inji, a gudu sosai kam kar ka sa rai. Kwan fitila na LED a gidan da aka yi don kwan halojin na asali ban ba da shawara ba, haske ne fari fat amma a warwatse, yana kashe wa na gaba ido kai kuma baka ganin nesa.

To salansa fa? Na sa ta daga ƙarshe, irin wadda ake canza tukunyar baya kawai. Ta fi ta asali rashin nauyi, muryar ta yi kauri, ina jin daɗinta in na buɗe totur ba zan ɓoye ba. Amma ƙarfi ban ji wani ƙari ba, kuma a doguwar hanya in inji ya zauna a juyi ɗaya na awanni gurnanin yana shiga kai, dole na maida ɗan bututun rage ƙarar da ta zo da shi. Wanda kuma zai canza tun daga bakin inji ya cire matatar hayaƙi sai an sake saita kwamfutar mashin ɗin, kuɗi kan kuɗi, ga dokar ƙara da ta hayaƙi a ƙasashe da yawa.

Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne shokazoban baya. Wanda ke jiki sifirin kawai ake iya matsewa, ba wajen saita yadda yake dawowa, kuma ya fara gajiya, in na haye tudu da kaya sai ya yi lilo sau biyu kafin ya nutsu. Na ga masu arha marasa suna amma ba zan taɓa ba, gara in jira in samu wanda aka zaɓa wa sifirin daidai nauyina kuma ana iya buɗe shi a canza masa mai in ya tsufa.