Core i5-12400 da Core i7-1255U: abin da na gani a aikin tace bidiyo

Kwamfutoci biyu nake aiki da su wajen tace bidiyon biki da na karatuttuka, ɗaya ta girke ce mai ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-12400, ɗayar kuma ta tafi-da-gidanka ce mai Core i7-1255U. Dukansu na kamfanin Intel ne, 'yan zubi na 12 da ake kira Alder Lake, kuma a shekarar 2022 suka fito, don haka babu wanda zai ce an haɗa tsoho da sabo. Duk wanda ya dubi takardar bayanansu zai ɗauka ta tafi-da-gidankan ce a gaba, domin sunanta i7, tana da ƙwayoyin aiki (sassan furosesa da ke raba aiki a tsakaninsu) 10, kuma gudunta yana kai gigahaz 4.7, alhali ta girken i5 ce mai ƙwayoyi 6 da ba ta wuce 4.4. A wajen aiki kuwa abin ba haka yake ba.

Ƙwayoyin nan 10 ba jinsi ɗaya ba ne. Biyu kacal ne manya masu ɗaukar aiki mai nauyi, sauran takwas ƙanana ne da aka yi domin tsimin wuta, yayin da shidan da ke cikin i5-12400 duk manya ne. Amma abin da ya fi raba su shi ne wutar da aka yarje wa kowanne ya sha. An tsara i7-1255U a kan wat 15, yana iya hawa zuwa 55 na ɗan lokaci, shi kuwa i5-12400 a kan 65 yake, yana iya kaiwa 117. Duk wutar da furosesa ya sha zafi take komawa, kuma kwamfutar da kaurinta bai wuce na littafin rubutu ba, mai 'yar fanka guda, ba ta da inda za ta zubar da zafi mai yawa.

Idan aikin gajere ne, kamar buɗe shafin intanet, rubutu a Word ko gyara hoto ɗaya, ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kansa ba, domin kafin laftof ɗin ta ɗau zafi an gama. Sai an zo fitar da bidiyo mai tsawo ake gane jan wuya. Da farko laftof ɗin takan tashi da ƙarfinta, fanka ta fara kuka, saman madannai ta gefen hagu ya yi ɗumi har yatsa ya ji, daga nan sai ka ga lokacin da manhajar ta ƙiyasta za a gama yana ƙaruwa maimakon ya ragu. Ba lalacewa ta yi ba, furosesan ne yake rage gudu da kansa don ya koma cikin iyakar wutar da aka ɗebar masa, kuma kada ya kusanci digiri 100 na zafi. Ta girken kuwa, da fankar da ta zo a kwalin furosesanta kawai, gudun da ta fara da shi da shi take ƙarewa. A watan Afrilu, lokacin da ɗaki yake kamar tanda, tazarar takan ƙara faɗi, haka ma bayan hunturu idan ƙura ta toshe ramukan iska ba a kakkaɓe ba.

Da ƙarfi kaɗai ake dubawa da magana ta ƙare a nan, sai dai akwai batun wuta. Idan aka ɗauke, laftof ba ta ma sanin an yi, batirinta ya ci gaba da riƙe ta, ita kuwa ta girke in babu UPS, wato na'urar batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, nan take za ta mutu da aikin da ba a adana ba. A kan sola da inbata ma lissafin a fili yake: cajar laftof ɗin wat 65 ce gaba ɗaya, da allonta da komai, abin da furosesan ta girken shi kaɗai yake sha kafin a sa allo da sauran kayan ciki. Ranar da hadari ya rufe rana, batiran gida ba su cika ba, laftof nake ɗauka in haƙura da jinkirinta. A ganina, idan ana auna yawan aikin da aka samu daga kowane wat, ita ce ta fi, kuma ga mai sayen man janareta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da nake jawo hankalin mai saye a kai shi ne harafin da ke ƙarshen lambar, wanda masu shago ba su cika ambata ba, sai dai su ce maka "i7 ce, Alhaji". A zubi na 12, U yana nufin wat 15 ko ƙasa da haka, P 28, H 45, HX kuma 55, saboda haka i5 mai H kan iya barin i7 mai U a baya wajen aiki mai tsawo, kodayake batirinta ba zai daɗe kamar na waccan ba. Sannan furosesan laftof a like yake da allon uwa, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta suke haɗe a kansa, yadda ka saye shi haka za ku rabu, yayin da na girken a kan mazauni nau'in LGA1700 yake zaune, ana iya cire shi a sa na zubi na 13 ko na 14 bayan an sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, ba tare da an taɓa sauran kayan ba.