Mugwort da tazargade, ɗaya ne ko daban?

Hajiya kin tambaya ko mugwort ɗin nan da kike gani ana talla shi ne tazargaden mu. Toh a'a gaskiya, dangi ne dai, duk 'yan gidan Artemisia ne, amma kamar ɗan wa da ɗan ƙani suke, kowa da halinsa.

Shi mugwort ciyawa ce ta ƙasashen Turai da Asiya, bakin titi da kangaye yake fitowa ba mai shuka shi, yana iya kai tsayin mutum, saman ganyen kore ne amma in kin juya bayansa fari ne mai gashi-gashi, da haka ake gane shi. Turawan zamanin da suna shan ruwansa don kumburin ciki da kuma saukar da jinin al'ada in ya yi jinkiri, Jamusawa har yau suna cusa shi a cikin dinya in za su gasa lokacin Kirsimeti saboda maiƙo. Can Chaina da Koriya da Japan kuma akwai nasu irin, suna busar da ganyen su murza ya zama kamar auduga, sai a kunna a kara kusa da fata wajen da ke ciwo, in kin ga ana yi sai ya tuna miki da ƙahon wanzamai, kuma har a abinci suke sa shi, Japanawa suna kwaɓa shi da shinkafa su yi wani abu kore mai danƙo.

Tazargade kuwa ai kin san shi, ɗaci kamar me, wa zai sa shi a girki? Mu hayaƙi muke yi da shi, ko a jiƙa, ko a sa a ruwan wanka in yaro na zazzaɓi ko mura, kakata har a man shafawa take zuba shi wai don iskokai, warin kaɗai ya ishe ki.

Inda ake ruɗa mutane shi ne maganar maleriya. Sinadarin artemisinin da ke cikin su Coartem daga wani ɗan gidan aka samo shi, Artemisia annua, wata 'yar Chaina Tu Youyou ta fitar da shi a 1972 har aka ba ta kyautar Nobel a 2015, shi annua ɗin ne kuma ƙasar Madagaska ta yi ta tallan ruwansa a 2020 lokacin korona. Mugwort ba shi ba ne, duk mai sayar miki da shi da sunan maganin maleriya kuɗinki kawai yake so. Shi kansa annua ɗin ma hukumar lafiya ta duniya ba ta yarda a dafa a sha a madadin ƙwaya ba, don ba a san adadin da ke shiga jiki ba, sai zazzaɓin ya lafa ya dawo.

In kuma akwai juna biyu don Allah ki ajiye mugwort da tazargade duka biyun, abin da ke saukar da al'ada zai iya taɓa ciki.