Aikin walda a shasi da kujerun motar rairayina: ƙarfe ya yi, fenti ya ba ni haushi

Shasin wata tsohuwar Bosuwaja Beetle na kai wa wani dattijon mai walda a Kano, irin motocin nan da aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975. Abin da nake so shi ne motar hawan tudun rairayi, samfurin da Bruce Meyers ya fito da shi a Kaliforniya a 1964 ya raɗa masa suna Meyers Manx: a sauke bodin ƙarfe, a rage tsawon shasi, a ɗora bodin faiba mara rufi. Aikin da na ba shi biyu ne, ya rage tsawon shasin ya ƙarfafa shi, ya kuma kafa kujeru. Tun da na karɓa na hau motar a kwalta da burji, na kuma kai ta tuddan Tulo-Tulowa da ke Yusufari a jihar Yobe, don haka ina da bakin magana.

Wanda bai taɓa ganin Beetle a tuɓe ba zai yi mamakin rashin ƙwarin shasinta. Wani dogon bututu ne mai kauri a tsakiya, shi ne ƙashin bayan motar, sai faifan ƙarfe siriri hagu da dama inda ake taka ƙafa. Sauran ƙarfin daga bodi yake zuwa, domin gefunansa na ƙasa ana ɗaure su ne da jerin kusoshi a bakin faifan. Da an sauke bodin, ƙarfin ya tafi, kuma faiba ba ta mayar da shi. Dattijon bai tsaya dogon bayani ba. Jak ya saka a kusurwa ɗaya ta gaba ya ɗaga, ina kallo faifan ya murɗe, sauran tayoyin uku na zaune a ƙasa abinsu.

Wajen yanka na fara sakin jiki da shi. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ne, kuma ana cire kusan santimita 36, wato inci 14 da kwata. Cikin bututun tsakiyar nan akwai hanyar wayar kuloci, da ta totur, da layin mai, da sandar giya, duk sai an rage su daidai. Kafin ya taɓa komai ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, ya rubuta da alli a bango. Bayan yanka ya ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan, ya sake awo, sannan ya riƙa yi yana sauya ɓangare don kada zafi ya ja ƙarfen gefe guda. A kan mahaɗar ya ƙara faranti ya rufe. Sakamakon shi ne mota ba ta ja hagu ko dama idan na sassauta hannu a kan sitiyari, giya kuma na shiga ba gardama.

Daga nan ya zagaye bakin faifan da fayif mai kusurwa huɗu, inci ɗaya da biyu, ya tokare ƙarfen gaba da ke riƙe da tayoyi, ya kuma ɗaure ƙahonin nan biyu na baya da giyabos ke zaune a kansu. Da muka sake gwajin jak, gefen motar gaba ɗaya ya tashi tare.

Kujeru su ne inda ya ci kuɗinsa da halak. Garejin da na fara tambaya cewa suka yi za su huda faifan ƙasa su ɗaure, kafin la'asar an gama. Da na faɗa wa dattijon haka sai ya ƙwanƙwasa faifan da ɗan yatsa ya ce, "Alhaji, kujerar da aka ɗaure a nan, ranar da mota ta dira daga tudu tare da ku za ta tashi." Faifan bai wuce kusan milimita ɗaya ba, ga tsatsa ta ci wajen da batir yake zama a baya ta hannun dama, kamar yadda ta saba yi wa kowace tsohuwar Beetle. Abin da ya yi, ya gitta fayif biyu a ƙarƙashin kowace kujera, daga bututun tsakiya zuwa ƙarfen gefe, ta yadda nauyin mutum ba ya kan faifan ko kaɗan. A duk ramin da kusa za ta ratsa ya cusa guntun bututu ya walde, don kada fayif ɗin ya lotse idan an matse noti. Kusoshin ma sai da ya duba kansu ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta da hatimin 8.8, lambar da ke nuna ƙwarin kusa, ya ture ta gefe. Notin masu roba a ciki ya sa, waɗanda jijjiga ba ta kwance su.

Kafin ya kafa ta direba ya ɗora ta a kan katako ya ce in zauna. "Ku taka kuloci har ƙasa. Gwiwarku na taɓa sitiyari?" Ya sa na ɗora hular kwano, ya auna tazarar da ke tsakanin kaina da ƙarfen kariya na sama, mai kare mutum idan mota ta kife. Shi wannan ƙarfen, ya ƙi yin sa da fayif ɗin ruwa duk da arharsa, ya ce ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba, hayaƙinsa wajen walda kuma ciwo ne. Bel ɗin kafaɗa ya ɗaure shi a wani ƙarfe da ya gitta daidai tsayin kafaɗata. Wasu a ƙasa suke ɗaurewa, kuma idan aka yi karo bel ɗin danne mutum yake yi ya matse masa ƙashin baya. A Tulo-Tulowa, inda mota ke hawa ta sulluɓo ta dira, ban ji kujera ta motsa ko ta yi ƙara ba. Da na dawo na bi notin da sifana, babu wanda ya saki.

To, ga inda ya ɓata mini rai. Alkawarin rana ba ya cikawa, kullum ba wuta, janareta kuma ba ya jan injin walda yadda ya kamata. Wannan na yafe, kowa ya san halin da ake ciki. Fenti ne ban yafe ba. Yaransa sun shafa shi a kan walda ba su kankare ƙurar da ke kai ba, suka kuma bar bakin fayif biyu a buɗe. Damina ɗaya, tsatsa ta fara tsattsafowa ta gefe, sai da na sa aka kankare, aka zuba mai a ciki aka toshe. Mutumin da ke duba hatimin kusa bai kamata ya bar wannan ya wuce shi ba.

Sai kujerar fasinja, wadda notinta na ciki ya maƙale a jikin bututun tsakiya, mutum ɗaya ba ya iya kwance shi. Ta direba kuma a kafe take, ba ta gaba ba ta baya. Ya faɗa mini tun farko cewa layin zamiya a nan yakan yi sako-sako idan yashi ya shige shi, na kuma yarda da shi, amma ƙanena da bai kai ni tsawo ba sai ya sa matashi a baya kafin ƙafarsa ta kai kuloci. Da ya huda ramuka biyu ko uku a jere, da an huta.

Kuɗin ƙarfe da kusoshi ya fi ladan aikinsa, kuma ni na sayo su da kaina a Ƙofar Ruwa bisa jerin da ya rubuta mini, abin da nake ba kowa shawarar ya yi. Saura farantin kariya a ƙarƙashin inji da giyabos. Dattijon zan kai wa, amma zan ɗauko motar da ƙarfenta tsirara in kai wa mai fenti.